Uwar Taya a Bakin Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya ina aikin tausa a ƙungiyar ƙwallon raga ta mata ta garinmu, nan bakin kogin Volga, kuma ban taɓa ganin mutane masu camfi irin 'yan wasa ba. Akwai wadda ba ta wanke safar gwiwarta muddin ana cin wasa, ko da warin zai kashe mu a mota. Akwai wadda sai da ƙafar hagu take shiga fili. Kocinmu Arkadiy Lvovich, mutum da karatunsa da furfurarsa, yana da wata tsohuwar rigar sanyi ruwan toka da yake sawa ranar babban wasa ko da zufa tana ɗiga masa ta haɓa. Ni kuwa dariya nake musu. Nakan ce, “Ku wanke tsummokaranku, 'yan banza, ƙwallo ba ta da hanci.” Su ce, “Gwaggo Zina, ke dai murza ki yi shiru.”

Na Taisiya Korzhavina ne kaɗai bai taɓa ba ni dariya ba, don nata camfin a kan uwarta ya faɗa.

Taya muke ce mata. A kan teburin tausa kowa bakinsa yana buɗewa, to a nan na ji labarin, guntu-guntu, cikin shekara takwas. A Kotlas aka haife ta, can arewa. Tana shekara goma sha uku ta riga ta fi duk malaman makarantarsu tsayi. Wani mai neman 'yan wasa ya zo ya auna ta, ya duba tafin hannunta da ƙafarta, ya tambayi tsayin ubanta da ya daɗe da barin gida, shi ke nan aka sa ta a jirgin ƙasa sai makarantar kwana ta wasanni. Da ta kai sha biyar suka je wasan ƙarshe na gasar yara. Uwarta, Raisa Ilyinichna, mai ɗinki ce, ta ɗauki hutu ta yi kwana biyu a jirgi, ta zo ta zauna a layi na uku cikin koriyar rigar sanyi. Taya ta hango ta, sau uku a jere ta buga ƙwallo waje. Aka cinye su. Kocin yaran, wani mai bakin tsiya, ya nuna matar da haɓa ya ce, “Wannan ta waye? Kar a ƙara kawo mana ita.” Wasa yake yi ko da gaske yake, oho. Taya dai ta fito tana kuka da majina, ta ce wa uwarta a gaban mutane, “Ke kika jawo min. Kar ki sake kallona.”

Matar ta ce, “To.” Ta miƙa mata jakar abincin da ta kawo, ta koma tasha.

Kuma “to” ɗin nan ta riƙe shi shekara ashirin cur. Ko a talabijin ba ta kallo. In ranar wasa ce takan kashe shi, ta shiga kicin ta zauna tana feraye dankali har ya fi ƙarfin tukunya. Maƙwabciyarta ta sama ce ke kallo, in an tashi sai ta ƙwanƙwasa mata bututun ɗumama ɗaki da cokali: uku an ci, ɗaya an sha kashi.

A cikin shekarun nan babu inda Taya ba ta je ba. Tana sha tara aka kira ta ƙungiyar ƙasa. Ta ciwo lambobin yabo har ta daina rataye su, sai dai ta zuba a kwalin takalmi. Ta yi shekara biyu a Turkiyya, ɗaya a Italiya. Ta auri wani ɗan ƙwallon kwando, suka rabu bayan shekara uku, ta ce min yawancin auren a filin jirgin sama suka yi shi, wannan zai tashi wannan ta sauka. Da ta zo wurinmu tana ashirin da bakwai aka ba ta kyaftin, kyaftin kuwa ɗakinta daban a otal. Yara ƙanana in ta shigo ɗakin canza kaya sai hira ta mutu, don hotonta suka liƙa a bango suna makaranta. Ita kaɗai take cin abinci a ƙarshen tebur, doguwar mace mita ɗaya da santimita casa'in da huɗu, ta duƙa a kan faranti kamar mai neman wani abu a ciki. Mutum dubu biyar su yi ta kiran sunanta, in an tashi ta koma gidan haya inda akwatunan da ta dawo da su daga Italiya har yanzu ba a kwance su ba. Tausayi take ba ni, ko da yake ban taɓa gaya mata ba, don da ta ci mutuncina.

A watan Maris na shekarar da ta cika talatin da biyar likita ya duba hoton kafaɗarta ta dama ya ce kakar nan ita ce ta ƙarshe. Ni na riga shi sani. Kafaɗar nan na fi sanin ta a kan fuskar mijina.

Rannan tana kwance rub da ciki ina murza ta, sai ta ce da murya ƙasa-ƙasa, “Gwaggo Zina, ina so Mama ta ga wasana.”

“To ki gaya mata mana. Ni ce Mamar?”

“Na gaya mata. Ta ce gwiwarta na ciwo.”

“Yaya kika faɗa?”

“Na ce in tana da lokaci akwai wasa a Afrilu.”

Na ɗaka mata duka a baya. “In tana da lokaci! Ji min sakarya. Mace kin kore ta a gaban jama'a, sai ki gayyato ta kamar mai kiran mai gyaran famfo?”

Ta ce, “Ba ta san me nake yi ba, Gwaggo. Ta san ina cin wasa, ta ga lambobin. Amma ba ta taɓa ganina a sama ba. Abu ɗaya na iya a duniya, kuma saura wata guda in daina iya shi.”

Na ci gaba da aikina. Da ta tafi wanka na ɗauki lambar uwar a wayarta. Eh, na san ba kyau, ku kai ni ƙara.

Da rana na kira. Wata siririyar murya ta ɗauka.

“Raisa Ilyinichna? Zinaida Markovna ce, mai tausar 'yarki.”

“Wayyo, me ya same ta?”

“Ba abin da ya same ta sai ke. Ranar Asabar ta uku a Afrilu za ta buga wasanta na ƙarshe a duniya. Za ki zo.”

“Ai ba na zuwa. Ita ta san dalili.”

“Dalilin yarinya 'yar sha biyar mai majina a hanci? Haba baiwar Allah! Ke da girmanki?”

“Ba ki gane ba, Zinaida Markovna. Tun da na daina kallo take ci.”

“Ta sha kashi sau ɗari kina kicin! Wa ya kalle ta rannan, dankalin?”

Na ji ta yi 'yar dariya. Ta ce, “Ita ta ce in zo? Da bakinta?”

“Da bakinta, a kan teburina, har tana neman yin kuka.”

Ta ce za ta duba jirgi.

Wasan neman matsayi na uku ne a gasar ƙasa, a zaurenmu, ƙarfe biyar na yamma. Matsayi na uku ba abin a buga ganga ba ne ga mace irin Taya, amma ga ƙungiyarmu da ta shekara goma sha ɗaya ba ta ga lamba ba, babban abu ne. Gari duk ya ɗauka. Taya ta sa aka ajiye kujera a layin gaba, daidai gefen da take tashi sama, aka liƙa takarda da sunan uwar. Ta je wurin koci ta ce ranar Asabar likita ya ji da 'yan wasa a bakin fili, Gwaggo Zina tana da wani aikin. Ni kuma ta ce min, “Ki kawo ta ki zaunar da ita. Ko ɗaure ta za ki yi.”

Na je tasha da safe. Ina ta ɗaga kai ina neman doguwar mace, sai na ji an ja min hannun riga daga ƙasa. Wata 'yar mitsitsiyar tsohuwa ce da ɗankwali, kanta bai wuce kafaɗata ba, tana jan jaka mai taya.

Na ce, “Ke kika haifi wancan dogon abin?”

Ta ce, “Ai ba haka na haife ta ba, daga baya ta miƙe.”

Jakar cike take da kwalaben naman kaza mai gishiri da fanke mai kabeji a ciki, wai ko yaran za su ci. Na kai ta gidana ta sha shayi ta ɗan kishingiɗa. Ba ta yarda a kai ta wurin Taya ba, ta ce kar a ɗaga mata hankali kafin wasa. Duk yinin nan tambaya ɗaya take maimaitawa, wai 'yan ɗaya ƙungiyar suna da ƙarfi sosai?

Ƙarfe huɗu da rabi muka isa. Ta ba da rigar sanyinta a wurin ajiyar kaya, ta gyara gashinta a madubi, ta bi ni har ƙarshen baranda. Daga nan ƙofa ɗaya ce tsakaninmu da fili, mai ganye biyu da ɗan gilashi a sama. Ana jin ganguna da ƙarar takalma a kan katako. Na tura ƙofar na waiwaya, sai na ga ta zauna a wani dogon benci jikin bango, ta ɗora jakar hannunta a cinya.

“Tashi mana.”

“Bari su fara tukuna. Kar ta gan ni tana shirin bugawa.”

“Ai don ta gan ki kika zo!”

“Zagaye ɗaya kawai, Zinaida Markovna. In sun ci na farko zan shiga.”

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ja hannunta. Tsohuwar nan ta ƙanƙame bakin bencin da yatsu, ashe ƙarfin ɗinki ba wasa ba ne. Mutane suna wucewa suna kallonmu. Dole na saki, na je na tsaya a gilashin.

Ina ganin Taya daga nan. Kafin a busa usur ta dubi kujerar, ta ga takarda kawai. Ta dubi ƙofa, na ɗaga mata hannu na nuna mata cewa tana nan, tana zuwa. Ta gyaɗa kai.

Yaranmu suka ci zagayen farko. Na ce, “To, alkawari.” Ta ce ai yanzu abin yana tafiya daidai, don me za a taɓa shi. Aka cinye su na biyu. Ta ce, “Kin gani? Ko daga nan ma ina jawo mata. Ko in fita waje?” Na ce in ta motsa daga bencin nan sai dai in ciki za ta. Suka ci na uku, aka cinye su na huɗu. Duk lokacin da aka canza gefe sai Taya ta dubi kujerar nan. Daga baya ta daina duban ƙofa.

Amma wasan da ta yi rannan! Ni da na san abin da ke cikin kafaɗar nan, na san kowane duka kamar ana soka mata wuƙa ne. Ta ɗauki taku uku ta tashi, ta tsaya a sama kamar an rataye ta, masu tare ta biyu su tashi su sauko ita tana nan, sannan ta maka ƙwallon a ƙasa. Na sha ganin haka sau dubu, amma rannan sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Na riƙa juyowa ina ce wa tsohuwar, “Zo ki gani, don Allah zo ki leƙa ko ta gilashi ne.” Ta juya wa ƙofar baya, idonta a kan layin rigunan sanyi da ke rataye, bakinta yana motsi.

Aka shiga zagaye na biyar, gajeren nan da ake tashi a maki goma sha biyar. Aka yi takwas da takwas, aka yi goma da goma. Zaure kamar zai tsage. Arkadiy Lvovich ya jiƙe sharkaf cikin rigarsa ta toka. Suka wuce mu da biyu, muka kamo su. Taya ta buga wata da ta daki hannun masu tarewa ta fita waje, allo ya nuna sha uku da sha uku, jama'a suka kama kiran sunanta, Ta-ya, Ta-ya, har ƙofar tana girgiza a hannuna.

Sai na ji mutum a gefena. Raisa Ilyinichna ce ta taso. Ta bar jakarta a benci, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar. Gilashin ya fi tsayinta, ba ta ganin komai. Fuskarta duk hawaye.

Ta ce, “Sunanta suke kira. Zinaida Markovna, in shiga?”

Ni Zina, mai yi wa kowa dariya, mai cewa ƙwallo ba ta da hanci, ni da na ɗauko matar nan tun daga Kotlas da bakina. Na dubi allo, na dubi yaranmu shida a fili, na tuna shekara goma sha ɗaya. Wallahi ban yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na dafe ƙofar na ce, “Dakata su ci wannan makin.”

Ta janye hannunta nan take, kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Ta ce, “Gaskiyarki.”

Yaranmu suka ci makin. Sha huɗu da sha uku. Na buɗe baki in ce mata shiga, sai na ga har an buga ƙwallo, na ce a raina bari wannan ɗaya ya wuce. Abokan karawarmu suka dawo mana da ita, yarinyarmu ta baya ta ɗauko ta daga ƙasa, mai raba ƙwallo ta ɗaga ta can gefen hagu, Taya ta tashi. Usur ya yi ƙara. Shi ke nan, an gama, mun ci.

Da na buɗe ƙofar mutane sun riga sun cika fili. Na riƙe hannun tsohuwar na ratsa da ita. Taya tana tsaye a gindin raga, an cika mata hannu da furanni, hannun dama yana rataye ba ta iya ɗaga shi. Ta hango mu, ta ture masu ɗaukar hoto ta taho, ta durƙusa a kan gwiwa don ta yi daidai da uwarta.

“Mama, kin gani? Ko na ƙarshen?”

Tsohuwar ta kama fuskarta da hannu biyu, tana dariya tana kuka. “Ban gani ba, Tayechka, ko ƙyas ban gani ba. Na riƙe miki har ƙarshe. Kin ga kin ci!”

Murna take yi, murna ta gaske. Na ga fuskar Taya ta yi wani iri, sannan ta gyara ta. Ta ce, “Na gode, Mama.” Ta rungume ta, furannin suka zube a ƙasa. Aka zo aka ja ta wurin ba da lamba, tsohuwar kuma ta je ta zauna a kujerarta mai takarda, ta yi ta tafi da 'yan hannuwanta.

Washegari da hantsi Taya ta zo ɗakin tausa. Babu kowa a ginin sai masu shara. Ta cire riga da hannu ɗaya ta kwanta, na zuba mai na fara. Kafaɗar ta kumbura, da zafi kamar burodin da aka sauke yanzu. Ta ce uwarta tana gida tana kwance mata akwatuna, jirginta sai Talata.

Can ta ce, “Gwaggo Zina, ko sau ɗaya ba ta yi yunƙurin shigowa ba?”

Da na ce a'a, da maganar ta mutu a nan, don tsohuwar ba za ta taɓa faɗa ba, a ganinta taimakonta na yi. Na yi ta murza wuri ɗaya har ta ce min da zafi. Sai na gaya mata. Na ce ai tsohuwar ta taso da kanta, ta sa hannu a ƙofa, ta tambaye ni, ni na hana ta.

“Ana nawa?”

“Sha uku da sha uku.”

Na tsaya ina jiran ta tashi ta zage ni, ko ta kwaɗa min mari da hannun hagun. Da ta yi hakan da na ji sauƙi. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa ta ramin teburin.

Ta ce, “Sha uku da sha uku.” Ta ja numfashi. “Da ni ce a ƙofar, Gwaggo, abin da zan ce mata ke nan.”

Daga nan bayanta ya fara girgiza a ƙarƙashin hannuna. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko ranar da yatsanta ya karye a fili. Na ja tawul na rufe mata baya don ɗakin da sanyi, na zauna a kujerar gefe har ta gama.